Layi uku a fayif ɗaya, in bar shi ko in tsayar da aikin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ginina ya kai matakin binne fayif, ba a yi filasta ba tukuna. Mai wayarin yana so ya zura layi uku a fayif guda mai milimita 20: na soket ɗin kicin, na AC da na hitar banɗaki. Duk waya mai kaurin sukwaya milimita 2.5 ce, kowane layi da birekarsa ta amp 20. Ya ce hakan zai rage sassaƙar bango, har wayar talabijin yake so ta bi ta ciki. Hankalina bai kwanta ba, don Allah masana ku ba ni shawara.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙa'ida ba ta hana layuka su haɗu a fayif ɗaya ba, abin dubawa shi ne zafi. Duk wayar da ke ɗauke da wuta tana ɗumi, in suka cunkushe sai kowace ta ƙara wa 'yar uwarta, ga ba hanyar da zafin zai fita. Wayar tagulla mai 2.5 a cikin fayif tana ɗaukar kusan amp 24 in layinta kaɗai ne. A jadawalin IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin lantarki, in layi biyu ne za a ninka da 0.80, in uku ne da 0.70. Ka ga 24 ta dawo 16.8 ke nan, alhali birekarka sai wuta ta haura 20 za ta faɗi. Wato waya na iya gasuwa a cikin bango bireka na tsaye. Robar jikinta kuwa digiri 70 ne iyakarta, in ta daɗe tana wuce haka sai ta bushe ta fara tsattsagewa. Kuma lissafin nan na yanayin digiri 30 ne, a digiri 40 sai an sake ninkawa da 0.87. Layukan nan naka duk masu jan wuta ne sosai, ni dai a raba su.

Tsohon mai wayarin: Ranka ya daɗe, bar ma lissafi, waya tara ke nan fa in an haɗa da na at, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa. A fayif 20 mai lanƙwasa biyu sai an ja da ƙarfin tsiya, a nan ne roba ke ɗayewa ba wanda ya gani. Mu ba ma cika fayif ya wuce kashi 40 cikin 100. Wayar talabijin kuma a ba ta nata fayif daban.

Wata 'yar uwa: Yaya, ka kuma tsaya a kansa kada ya haɗa musu nutural ɗaya, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, don tsimin waya. In ka sa RCD, na'urar da ke yanke wuta in ta yi yoyo, faɗuwa za ta riƙa yi, kuma mai gyara zai kashe bireka ɗaya ya ɗauka ba wuta, nutural ɗin ya ja shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To in aka sa fayif 25 fa?

Injiniya: Zai sauƙaƙa jan waya, amma 0.70 ɗin na nan daram. Ko dai AC da hita kowanne ya samu fayif ɗinsa, ko a ɗaga wayoyin zuwa mai 4 a sake lissafi. Tunda ba a yi filasta ba, na farkon zan zaɓa.