Hoton zanen bangon cocin Banganarti ya ƙi nuna tsaga

Assalamu alaikum. Mako guda ke nan ina fama da ɗaukar hoton zanen bango a tsohon cocin Banganarti, kusa da Tsohuwar Dongola a ƙasar Sudan, babban birnin daular Makuriya ta da. Shafen bangon ya fara ɓamɓarewa, kuma tsagar da ta ratsa fiffiken wani mala'ika ce nake son masu gyara su gani ƙarara.

Da na kunna filashi, ja da ruwan ɗorawa suka koɗe. Na kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, na bar idonta a buɗe daƙiƙa 2, launi ya dawo, amma bangon ya fito sumul kamar lafiyarsa ƙalau, wannan kuwa shi ya fi damuna. Ta wace kusurwa zan haska fitila domin tsagar ta fito ba tare da launin ya sauya ba?