A buɗe murfin taimin ko a bar inji yadda ya zo?

Mai a-kori-kura: Jama'a, injin motata ya buga, na sayi na hannu. Yana ƙasa, ba a ɗora ba tukuna. Makanikena ya ce sai an canza sarƙar taimin, wadda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, sarƙa ba bel ba ce, tare suke mutuwa da inji. Wa zan bi?

Tsohon direba: Bi na biyun. Injin da ba ya ciwo ba a yi masa tiyata. Na ga wanda aka buɗe lafiya lau, aka kuskure haƙori ɗaya wajen saiti, motar ta koma ba ta iya hawa tudu. Manyan motocin da muka tuƙa ma ba mu taɓa jin wannan zance ba.

Makanike: Baba, da girmanka, yawancin manyan injinan dizal giya mai haƙora ce ke juya musu kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, babu sarƙa, shi ya sa ba ka ji ba. Sarƙa kuwa tana ci. Ba miƙewa take kamar roba ba, fil-fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke sudewa kaɗan-kaɗan har tsawonta ya ƙaru. Karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya juya sau 2, kamshaf sau 1, haka aka tsara. Da sarƙa ta saki, bawul ya fara makara. In ta tsallake haƙori a injin da fistin ke kaiwa inda bawul ke sauka, sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe.

Tsohon direba: To ai da ta saki za a ji ƙara.

Makanike: Inji yana ƙasa, wa zai ji? Kuma ƙarar da sanyin safiya take zuwa, kwarkwar na 'yan daƙiƙu, kafin baƙin mai ya cika tenshina, abin da ke tura sarƙar don kada ta saki. Mai sayarwa ya ɗumama shi kafin ka iso, shi ke nan.

Mai wayarin: Ni ba na goyon bayan a canza ido rufe. A cire kaskon baƙin mai a leƙa. In akwai gutsattsarin roba, takalmin da sarƙar ke gogawa ne ya farfashe, kuma su ne ke toshe rariyar famfon mai. A duba tenshina, in ya fito har ƙarshe, sarƙa ta gama aiki. In duk lafiya, a sa sabon sil da gaskit a rufe. Sarƙar kamfani mai rai ta fi sabuwar jabu.

Makanike: Wannan na yarda. Amma nau'in inji ma abin dubawa ne. Toyota 22R, in takalmin ya karye, sarƙa na cin murfin har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya haɗu da mai. Ford 4.0 SOHC kuma akwai sarƙa ɗaya a baya, wajen giyabos, sai an sauke inji ake kai mata. Irin wannan ka ɗora ba ka taɓa ba, aiki biyu za ka yi.

Mai a-kori-kura: In ta kama, sarƙar kaɗai zan saya?

Makanike: A'a, maigida. Har da giyoyinta da tenshina da takalma. Sabuwar sarƙa kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Bayan saiti kuma a juya injin da hannu zagaye 2, a ga alamomin giyoyin sun dawo daidai kafin a yi ki.

Tsohon direba: Kaskon dai ku cire, na amince. Murfin taimin kuwa sai na ga gutsuren roba da idona.