Neman kalma: me za mu kira "big bore" da Hausa?

'Yan'uwa masu harkar inji, ina neman taimakonku a kan wata kalma. Masu hawa babur mai taya huɗu, wanda ake kutsawa daji da yashi da duwatsu da shi, suna da abin da suke kira "big bore". Wato a cire silinda da fistin na asali a sa waɗanda suka fi su faɗi, domin injin ya riƙa shaƙar iska da mai fiye da da a kowane bugu. A haɗe ake sayar da kayan: fistin, ringi, gasket, sau da yawa har da sabuwar silinda. So nake mu samu sunan da makanike zai faɗa, mai babur ya gane abin da za a yi wa injinsa tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Bari in fara da lissafin, don shi zai raba mana gardama. Girman inji daga abu biyu yake fitowa: faɗin ramin da fistin ke kai-komo a ciki, da tsawon tafiyar fistin ɗin daga sama zuwa ƙasa. Ku ɗauki babur mai taya huɗu Honda TRX400EX. Faɗin nasa milimita 85 ne, tsawon bugu 70, shi ya ba da cc 397 (cc shi ne ma'aunin girman inji). In aka sa fistin mai milimita 87 sai ya koma 416, mai 88 ya kai 426. Mai 89 kuwa da sunan 440 ake sayar da shi, alhali in ka buga lissafi bai wuce 435 da ɗoriya ba. Haka Yamaha Raptor 700, daga milimita 102 zuwa 105.5, daga cc 686 zuwa 734. A duk waɗannan ba a taɓa tsawon bugu ba. Faɗi kawai aka ƙara, kuma dole sunan ya nuna haka.

Shi ya sa ban karɓi "ƙara wa inji ƙarfi" ba, duk da ita ce ta fara zuwa bakin mutane da yawa. Wanda ya sauya salansa ma ƙarfi ya ƙara. "Ƙarin girman inji" ta fi kusa, amma ta haɗe da ɗaya hanyar, wadda suke kira "stroker", inda ake sauya karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, don fistin ya yi tafiya mai tsawo. Aiki biyu ne daban, haɗarinsu ma daban.

"Babban rami" kuma fassarar kai-tsaye ce, a kunne sai ka ji kamar lahani ne ya samu injin.

Wani babban yayanmu makanike ya kawo "yasar silinda", kamar yadda ake yasar rijiya. Oga, na ji daɗin kalmar nan ƙwarai, sai dai ina ganin gurbinta daban ne. Ta fi dacewa da gyaran da ake yi wa silindar da ta cinye ko ta karce, a ɗan kankare cikinta da rabin milimita ko ƙasa da haka, a sa fistin da ya ɗara na da kaɗan. Wannan magani ne ga injin da ya gaji. Abin da muke nema wa suna kuwa lafiyayyen inji ake yi wa, da gangan. Mu ajiye "yasa" ga wancan, kada ta ɓace mana.

Ni abin da zuciyata ta kwanta da shi shi ne "kogo". Faɗin kogo, tsawon bugu. Aikin ya zama "faɗaɗa kogo", abin da ake saya "kayan faɗaɗa kogo", injin da aka yi wa kuma "mai faffaɗan kogo". Wani ya ce ai sabuwar silinda ake ɗorawa, ba a faɗaɗa tsohuwar ba. Gaskiya ne a wasu kayan, irin masu zuwa da wani shafe mai tauri da ake kira Nikasil a ciki. Amma kogon injin dai ya ƙara faɗi, ko ta wace hanya aka bi.

Babban dalilina shi ne kalmar tana ɗauke da gargaɗi a cikinta. Duk wanda ya ji an faɗaɗa kogo zai tambayi kaurin bangon da ya rage, kuma a nan amincin aikin yake. Bango in ya yi siriri, zafi ya fi cin sa, gasket ɗin kai ma wurin zamansa ya ragu. Injin 400EX iska ce da bakin mai ke sanyaya shi, babu ruwa, don haka a ganina mai son babur ɗin da zai kai shi ya dawo da shi gara ya tsaya a 416 da matsi madaidaici, wato kada fistin ya matse iska da mai fiye da kima. Masu hayewa 440 da matsi mai yawa su ne ke yawan kukan ƙusoshin kan silinda sun zare daga mazauninsu. Matsi mai yawa kuma fetur mai babban okten (ma'aunin jure matsi na fetur) yake so, in ba haka ba injin ya yi ta ƙwanƙwasa har fistin ya ƙone.

Tunda kogo ya ƙaru, abincinsa ma sai ya ƙaru: a sauya jet na kafireto, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, ko a sake saita na'urar feshin mai. In aka bar shi yadda yake, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau. Kuma kafin a ɗora sabon fistin, a kama sandar da ke haɗa shi da karanshaf a jijjiga ta sama da ƙasa. In ka ji tana motsi ko kaɗan, a fara da gyaran ƙasan injin, wato sandar da karanshaf.

Fistin ma iri biyu ne, kuma nan Hausa ba ta wahalar da mu ba: na zubi da na ƙira. Na ƙira, irin na kamfanonin Wiseco da JE, ya fi jure duka, sai dai ya fi buɗewa in ya ɗau zafi, don haka ana bar masa 'yar tazara, kuma a bar injin ya ɗumama kafin a murɗa masa wuta.

In babu mai ja, mu tsaya a kan "faɗaɗa kogo". Saura "stroker". Na ajiye "tsawaita bugu" a gabanku, amma masu kwance karanshaf da hannunsu nake son ji daga bakinsu tukuna.