Tambaya a kan salsalar gidan Otbil na Normandi da sarakunan Sisiliya

Ɗalibi daga Birni:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. A darasin tarihin hanyoyin Sahara an koya mana cewa al-Idrisi, wanda ya ambaci Kawar da Kanem a littafinsa na labarin ƙasa, ya kammala aikin a 1154 a birnin Palermo, a fadar wani sarki Kirista mai suna Roje, wanda asalin gidansu Normandi ce a arewacin Faransa. Da na shiga bin salsalarsa sai sunaye suka cakuɗe mini, domin ko'ina na duba akwai Roje, akwai Giyom, akwai Tankared. Ina roƙon a fayyace mini wane Roje ne wannan, ko jinin Giyom ne wanda ya ci Ingila a 1066, kuma ta yaya gidan ya ƙare.

Malami mai ritaya, Zango:

Wa alaikumus salam, ɗana. Gidan Giyom daban, gidan Roje daban. Giyom zuriyar Rolon ne, jagoran mayaƙan teku da sarkin Faransa ya yanka wa ƙasar Normandi a 911, wato shi ɗan gidan sarauta ne tun kaka da kakanni. Kakan Roje kuwa, Tankared, ƙaramin mai gari ne a wani ƙauye da ake kira Otbil, wanda ake rubutawa Hauteville, kusa da Kutans a yammacin Normandi. Malatera, malamin cocin da ya rubuta tarihin gidan a ƙarshen ƙarni na 11, ya ce mahaya goma ne ke ƙarƙashin Tankared a fadar mai Normandi.

Arzikin Tankared ƴaƴa maza ne, har goma sha biyu. Matarsa ta fari, Muriyel, ta haifa masa biyar, cikinsu akwai Giyom da Dorogo da Onfuruwa. Bayan rasuwarta ya auri Firesenda, wadda ta haifi bakwai, babbansu Rober Giskar, autansu Roje. A ɗakin Firesenda ma akwai wani Giyom, saboda haka tun daga tsatson farko sunan ya zo sau biyu. Gonakin uban ba za su ishi wannan taro ba, sai akasarinsu suka yi ta ficewa zuwa kudancin Italiya suna yi wa duk wanda ya biya aikin soja.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne ka gane cewa da farko mulki bai bi daga uba zuwa ɗa ba, daga wa zuwa ƙane ya bi. An zaɓi Giyom mai Hannun Ƙarfe shugaban Normandawan Apuliya, wani yanki na kudancin Italiya, a 1042, ya rasu a 1046. Dorogo ya gaje shi, aka kashe shi a 1051. Sai Onfuruwa, wanda a zamaninsa suka karya rundunar Paparoma Leo na 9 a 1053 har suka tsare shi. Da Onfuruwa ya rasu a 1057 ya bar ƴaƴansa, Abelar da Herman, amana a hannun Rober Giskar, shi kuwa ya ture marayun ya haye kujerar, kuma a 1059 Paparoma ya tabbatar masa da ita a Melfi.

Auta Roje shi ne ya ɗauki nauyin yaƙin Sisiliya, wadda a lokacin ke hannun sarakunan Musulmi masu faɗa da juna, har ɗaya daga cikinsu, Ibn al-Thumna, ya nemi taimakon Normandawa. Masina ta faɗi a 1061, Palermo a 1072, amma sai a 1091 aka gama cin tsibirin. Wannan shi ne Roje na ɗaya, ya rasu a 1101. Ɗansa Simon ya rasu yana yaro a 1105, sai ƙanensa Roje na biyu, wanda aka haifa a 1095, ya gaje shi, mahaifiyarsu Adelayid na riƙe masa mulki. Shi ne ubangidan al-Idrisi, ɗan Auta Roje kuma jikan Tankared.

Malamar tarihi, Sabon Gari:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina so in cike wani gurbi, wato dalilin da ya sa kambi ya faɗa ɗakin auta alhali Rober Giskar ne gagarabadan gidan. A ganina ƴan'ubanci ne ya ci zuriyarsa. Ya saki matarsa ta fari, Alberada, da hujjar kusancin jini, bayan ta haifa masa Bohemon, ya auri Sikelgaita ƴar sarautar Salerno domin ya samu gindin zama a ƙasar. Da ya rasu a 1085, ɗan Sikelgaita, Roje Borsa, shi ya gaji Apuliya, aka bar ɗan fari da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan Roje Borsa ne mutane ke yawan haɗawa da Roje na Sisiliya, alhali ɗan wa ne da ƙanen ubansa. Baffan ya mara masa baya a kan Bohemon, amma ba kyauta ba, domin kowane taimako sai da ya karɓi wani yanki a madadinsa, a Kalabriya da kuma cikin Palermo kanta.

Bohemon ya tsira da Taranto, daga baya ya shiga yaƙin Salibi na farko ya kama Antakiya a 1098. Tankared ɗin da ya riƙe Antakiya har 1112 ɗan ƴar'uwarsa Emma ne, wato jikan Giskar ta wajen mace, kada a ɗauke shi kakan gidan. Bohemon da Borsa duka sun rasu a 1111, ɗan Borsa kuma, wani Giyom, ya rasu a 1127 bai bar magaji ba. Nan ne Roje na biyu ya haɗe Apuliya da Sisiliya, aka naɗa shi sarki a Palermo ranar 25 ga Disamba 1130. Mu mutanen Damagaram da muka san yadda Ibrahim da ƙanensa Tanimun suka yi ta karɓe sarauta daga hannun juna, bai kamata irin wannan ya ba mu mamaki ba.

Ɗalibi daga Birni:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai, Malam, na ga wasu jadawalin salsala a intanet sun sa matan Tankared a matsayin ƴaƴan Rishar na ɗaya mai Normandi. Idan haka ne, ashe akwai jini tsakaninsu da Giyom na Ingila ta wajen uwa?

Malami mai ritaya, Zango:

Ɗana, wannan magana ce ta marubutan baya, ba ta cikin rubutun mutanen zamanin. Malatera ya yi aikinsa ne bisa umarnin Roje na ɗaya, kuma marubucin fada da ke neman abin yabo ba zai bar irin wannan nasaba ta wuce shi ba da akwai ta. Ana Komnena, ƴar sarkin Rumawa, ta bayyana Giskar a matsayin mutumin da ba shi da wani fitaccen asali, ko da yake ita abokiyar gaba ce. Surukuta da gidan Ingila ta zo ne can baya, lokacin da Giyom na biyu na Sisiliya ya auri Jan, ƴar sarki Hanri na biyu, a 1177.

Ga ƙarshen gidan kuwa. Roje na biyu, wanda ake wa laƙabi da al-Mu'utazz billahi a takardunsa na Larabci, kuma wanda rundunarsa ta kama Tarabulus a 1146 da Mahdiyya a 1148, ya binne manyan ƴaƴansa maza tun yana raye. Ya rasu a Fabrairun 1154, ɗansa Giyom na ɗaya ya yi mulki zuwa 1166, sai ɗan wannan Giyom, wato Giyom na biyu, zuwa 1189, wanda ya rasu babu magaji. Mutum biyu suka rage. Akwai Konstans, ƴar Roje na biyu da aka haifa bayan rasuwarsa, wato goggon marigayin duk da cewa sa'anni ne, wadda ke auren Hanri na shida na Jamus tun 1186. Akwai kuma Tankared na Lece, jikan Roje ta wajen babban ɗansa, amma ba ɗan aure ba ne. Manyan fada sun gwammace shi da a kawo musu Bajamushe, suka naɗa shi. Ya rasu a 1194 ya bar yaro ƙarami, Giyom na uku, wanda Hanri ya tuɓe a shekarar ya tura shi Jamus a tsare. An naɗa Hanri a Palermo ranar 25 ga Disamba 1194, kashegari Konstans ta haifi Firederik na biyu, kuma daga nan sarautar ta koma gidan mijinta.

Idan za ka zana jadawali ka kula, Konstans biyu ne. Ɗayar jikar Bohemon ce, wadda ta gaji Antakiya da mahaifinta Bohemon na biyu ya mutu a yaƙi a 1130, aka aurar da ita ga Remon na Puwatiye a 1136. Zuriyarta ta ci gaba da sa sunan Bohemon, tana riƙe da birnin har Sultan Baibars na Masar ya ƙwace shi a 1268.