Waɗanda aka taɓa bugewa a titi, yaya aka yi lissafin kuɗinku?

Abban Khalifa, Rigasa:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan mota ta bugi ƙanena a kan babur a titin baifas, wajen Bakin Ruwa. Karaya biyu a ƙafar dama. Mai motar ya turo dattawa da dubu 300, wai a kashe magana. Yaron tela ne, da ƙafar yake taka keke. Mu karɓa?

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Allah Ya ba shi lafiya. Don Allah kada ku yi gaggawa. Mu a satin farko muka karɓa don kunyar masu ban baki, maigidana ya sa hannu cewa magana ta ƙare. Daga baya likita ya ce sai an sa ƙarfe. Abin da muka karɓa ko rabin kuɗin aikin bai kai ba, sai da na sayar da sarƙata.

Ɗan Kawo:
Ni kotu na je, shekara uku muna jele. Lauyana ya ce kuɗin kashi biyu ne. Na farko abin da ka kashe da wanda ka yi asara: asibiti, magani, hoton ƙashi, gyaran babur, cinikin da ya wuce ka kana kwance. Wannan sai da shaida, naira bayan naira. Matata ta riƙa tara rasit a gwangwanin madara, har wanda mai ya ɓata, duk an lissafa. Amma wata huɗun da na yi wajen mai ɗori ko sisi ban samu ba, don babu takarda, alhali can na fi kashe kuɗi.

Na biyu na raɗaɗi da nakasa ne, shi ba shi da farashi. Alƙali ke yankewa, ya duba rahoton likita, shekarunka da sana'arka. Ɗingishin tela ba ɗaya ba ne da na mai zaman ofis. Idan ƙanenka yana da littafin da yake rubuta ɗinkin mutane, ku ɓoye shi da kyau.

Malam Sani, Unguwar Sanusi:
A fiƙihu abin a ƙayyade yake. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Ƙafa ko hannu idan ya tafi, rabin diyya. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Na zauna sulhu da dama, ban ga wanda ya biya haka ba, yawanci yafewa ake yi. Sai dai yafiya ta mai rauni ce, ba ta kawunnansa ba.

Direban Mando:
Yaya, ku fara duba inshorar motar. A Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta mayar da inshorar dole (wadda ke biyan wanda aka buga) ta ƙananan motocin gida dubu 15, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, rauni kuma lissafinsa daban. Ni da na bugi wani a hanyar Zariya na kai tawa, ashe ta bogi ɗan kamasho ya yi mini. Daga aljihuna na biya. Ku kuma karɓi rahoton 'yan sanda, za a nema.

Abban Khalifa, Rigasa:
Na gode. Littafin yana nan a shago. Rasit ɗin ne rabi mun zubar. Kantin magani zai yarda ya sake rubuta mana na baya?