Masu binciken ambaliya za su zo unguwarmu: wa ya taɓa zama da irinsu?

Ɗan Kusuri:
Salamu alaikum. Bulamanmu a nan Kusuri, arewacin Kamaru, ya ce mako mai zuwa wasu masu bincike za su zo a zauna kan ambaliyar kogin Logon, wai wannan karon da mu za a yi aikin, ba tambaya kaɗai ba. Tun ruwan 2022 nake ganin masu biro da takarda iri-iri. In je, ko in buɗe shagona?

Manomin masakwa, gefen Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka je. Namu da suka zo, da irin dawa mai saurin nuna suka zo a aljihu. Dattawa suka ce musu ba nan gizo ke saƙar ba. Mu masakwa, wato dawar rani, ce rufin asirinmu: sai damina ta janye muke dasa ta a ƙasar laka, ta rayu da danshin da ƙasa ta riƙe, a girbe wajen Fabrairu ba ta ga ɗigon ruwan sama ba. In laka ba ta sha ta ƙoshi ba, kowane iri ka kawo aikin banza ne.

Suka ajiye takardunsu, muka taka gona tare. Aka ware fili biyu kusa da juna, ɗaya muka ɗaga masa kunya ta tare ruwa yadda iyayenmu ke yi, ɗaya aka bar shi haka. Suka kafa ma'aunin ruwan sama bayan masallaci, jikana ke rubuta milimita a littafin makaranta, har da yi mana iyayi. Ranar girbi a gaban kowa aka auna, mai kunya ya fi. Mun daɗe da sanin haka, amma samarin da ke ƙyashin wahalar kunya sai da suka ga buhuna a jere.

Hajiya daga Yagwa:
Baba, ku maza ne shi ya sa. Mu da aka zana taswirar unguwa a ƙasa da tsinke, maza ne a gaba, mu muna can bayan tabarma. An sa masallaci, an sa kasuwa, babu rijiya ko ɗaya. Sai da wata yarinya cikin masu binciken ta tara mu daban a tsakar gida, muka nuna mata rijiyoyin da ke fara gurɓacewa da hanyar da muke bi da yara in ruwa ya shigo da dare. A 2024 da ruwa ya ci garin har gada ta karye, hanyar nan muka bi.

Matashi daga Waliya, Injamina:
Ni ba zan ce kada ka je ba, amma kwana uku na yi ina yi wa wasu tafinta, gida-gida, tsofaffi suna nuna musu inda ruwa ya tsaya a bango. Suka ɗauki hotuna suka tafi. Da ƙyar na ga rahoton a intanet, da Faransanci, shafi fiye da yadda zan iya karantawa. A 2024 ambaliya ta taɓa lardunan Chadi 23 duka, mutum sama da 500 suka rasu, mu kuma ko kwafi ɗaya ba a kawo mana ba. Ka tambaye su tun ranar farko yaushe za su dawo da sakamako, kuma da wane harshe.

Mai sayar da kifi, Maga:
A kira masunta da makiyaya duka. Rikicin masunta da makiyaya da ya faru a Logon-Birni a 2021 kan ruwa ya faro. Taswirar da ɓangare ɗaya ya zana, rigima ce.

Ɗan Kusuri:
Na gode. Hajiya, yau da dare zan gaya wa bulama a ware wa mata nasu zaman. Baba, ma'aunin nan ana samunsa a kasuwar Marwa, ko sai sun kawo?