Tagwaye masu mabiyiya ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya girma a ciki: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai jiran biyu:
Assalamu alaikum. Cikina sati 24, tagwaye ne mata, mabiyiyarsu ɗaya. Jiya a wajen awo likita ta ce ɗaya ta kai giram 680, ɗayar kuwa 480. Tun da na dawo gida ake cewa rashin cin abincina ne, wata ma ta ce babbar ce ke shanye ƙaramar. Ban runtsa ba. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini yadda ya ƙare.

Maman Hassana:
Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Nawa ma haka ne. An yi mini aiki a sati na 34, Hassana kilo 2.1, Usaina 1.4. Da na farfaɗo sai na roƙi a nuna mini mabiyiyar, kuma ranar ce na daina zargin kaina. Cibiyar Hassana tana tsakiya, jijiyoyinta sun mamaye kusan ko'ina. Ta Usaina can gefe ta maƙale, yankinta bai fi tafin hannuna ba. Gona ɗaya ce, amma ba a raba daidai ba. Usaina ta yi kwana 16 a kwalba, daga nan na riƙa ɗaure ta a ƙirjina, fata da fata, dare da rana. Yanzu shekararsu huɗu. Har yau ta ɗan fi gajarta, amma ita ta fara magana.

Anti ungozoma:
Na daɗe a ɗakin haihuwa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne: cikin tagwaye masu mabiyiya ɗaya, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sukan gamu da shi. Ana zarginsa idan tazarar nauyi ta kai kashi 25 cikin ɗari, ƙaramin kuma ya gaza ma'aunin satinsa. Ƙanwata, ki tambayi likitarki sakamakon gwajin Dofla, wato hoton da ke duba gudun jini a jijiyar cibiya. Da shi ake raba matsalar gida uku, bisa tsarin da Farfesa Gratacós na Basalona da abokan aikinsa suka fitar a 2007. A nau'i na farko jinin na tafiya ba yankewa, shi ne mafi sauƙi. A na biyu yana tsayawa ko komawa baya a duk bugun zuciya, a na uku kuma jefi-jefi. Kada kuma a haɗa shi da ɗaya matsalar, inda jini ke kwarara daga wani zuwa wani, ruwa ya yi wa ɗaya yawa, na ɗayan ya ƙafe. Abin da nake ta nanata wa mata: hoton sati 11 zuwa 14 shi ya fi nuna ko mabiyiya ɗaya ce, kuma daga sati 16 a je hoto duk bayan sati biyu.

Baban Gambo:
Mu ba mu yi hoto ba sai wata na bakwai, saboda nisa da kuɗin mota. Muka tarar ƙaramin ya riga ya koma. Likita ya ce jijiyoyinsu a haɗe suke, don haka mai ran ma yana cikin haɗari. Allah Ya bar mana shi, yana aji biyu yanzu. Maza, ku riƙa kai su da kanku.

Malam Usaini:
Allah Ya sa mai ceto ne, Baban Gambo. Ni ne ƙaramin a wajenmu. Inna takan ce a ƙwarya aka kwantar da ni. Abin da ya dame ni tun ina yaro, har na karanci ilimin halittu nake koyar da shi, shi ne: ƙwayoyin gadonmu iri ɗaya ne da Hassan, to me ya bambanta mu? Ku tuna rubutun allo. Baƙaƙe ɗaya ne, amma in wasali ya sauya, karatu ya sauya. Haka jiki ke ɗora wasu ƙananan alamomi, irin su wani ɗan sinadari da ake kira metil, a kan ƙwayoyin gado. Ba sa canza baƙin, sai dai su buɗe wani, su rufe bakin wani. Mabiyiya na cike da wannan aiki. Akwai ƙwayar IGF2 mai ingiza girma, wadda a cikin biyun da aka gada daga uwa da uba, ta wajen uba ce ke aiki, akwai kuma irin su PHLDA2 masu taka burki, ta wajen uwa. Masu bincike da suka yanki tsokar mabiyiya ɗaya, ɓangaren babba da na ƙarami, sun tarar alamomin sun bambanta. Kuma alamar na iya daɗewa: mutanen da aka yi cikinsu lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, an auna su a binciken 2008, bayan shekara sittin, aka ga metil ɗin IGF2 ɗinsu bai kai na 'yan'uwansu ba.

Mai jiran biyu:
Malam, maganar yunwar nan ta tsorata ni. Ke nan abincin nawa ne?

Malam Usaini:
A'a, ƙanwata. Can uwa ce gaba ɗaya ta rasa abinci. Ke kuwa jininki ɗaya ke ciyar da su biyun. Da daga kwanonki ne, da dukansu sun rame. Rabon mabiyiya tun satuttukan farko aka yi shi, kafin ma ki san biyu ne. Ki ci da kyau, ki sha maganin ƙarin jini, amma ki sauke wannan laifin daga kanki.

Mai jiran biyu:
Na gode muku duka. Yau maigida ya raka ni, na tambayi Dofla kamar yadda Anti ta ce. Nau'i na farko ne, ruwan kowacce daidai. Na karanta wa surukata abin da Maman Hassana ta rubuta, ta yi shiru, sannan ta ce ita za ta raka ni hoton Talata.